Muhammadu Ali Ɗan Sa'idu, Babarbare a Yaƙin Basasar Amurka

An haifi Muhammadu Ali ɗan Sa'idu a Kukawa ta ƙasar Barno wajen shekara ta 1836. Mahaifinsa, Barka Gana, babban sarkin yaƙin Shehu Laminu ne. Tun yana yaro Azbinawa suka kama shi, aka ƙetare Sahara da shi zuwa Tarabulus, yana bawa. Daga can sai Santambul, sa'an nan Rasha, inda ya sami 'yanci, aka yi masa baftisma da suna Nicholas Said.

A 1860 ya isa Amurka. Ana cikin yaƙin basasa, a 1863, sai ya shiga runduna ta 55 ta Jihar Massachusetts, rundunar baƙaƙen fata mai yi wa Arewa yaƙi da Kudu, masu riƙe da bayi. Ya kai muƙamin saje, aka sallame shi a 1865. Bayan yaƙi ya zauna a Kudu yana koyar da 'ya'yan 'yantattun bayi.

Abin mamaki, cikin littafin tarihin rayuwarsa da ya buga a 1873, ko kaɗan bai ambaci aikin sojansa ba. Masana suna ganin tsoro ne, domin tsakanin abokan gabansa na jiya yake zaune. Amma takardun soja suna nan da sunansa, akwai hotonsa cikin kayan soja, kuma wata mujalla ta buga labarinsa a 1867. Ba don waɗannan ba, da jarumtakar wannan ɗan Barno ta ɓace ƙurmus.