Tarihin Marigayi Audu Baƙo, Gwamnan Da Ya Tare Kogin Kano

Ya ku malamai da fatake, duk wanda ya fito daga Madobi da rani, ya bi ta Kura zuwa Bunkure, ya ga alkama da shinkafa kore shar alhali sama ba ko gajimare, ya kamata ya san mafarin wannan ni'ima. Mafarinta sauyin tsarin mulki ne, da kuma mutumin da ya san abin da zai yi da shi, watau Alhaji Audu Baƙo.

An haife shi a barikin 'yan sanda na Kaduna cikin 1924, ubansa kuwa ɗan sanda ne. Ya yi karatu a Kaduna da Midil ta Zariya, sa'an nan ya gaji aikin mahaifinsa cikin 1942. Ya yi ta hawa daraja bisa daraja har ya zama ɗaya daga cikin manyan 'yan sandan Arewa.

A wancan zamani Kano lardi ce ƙarƙashin Gwamnatin Jihar Arewa. Kuɗin babban aiki sai an nemo daga Kaduna, a jira rabo tare da sauran larduna. Ran 27 ga Mayu 1967 Yakubu Gowon ya kafa dokar da ta rushe manyan jihohi huɗu, ta raba Nijeriya jiha 12. Kano ta sami gwamnatin kanta da baitulmalinta, ta haɗa da ƙasashen Haɗejia da Gumel da Kazaure, aka naɗa Audu Baƙo Gwamnanta na farko. Cikin 1970 kuma aka sāke ƙa'idar rabon kuɗin tarayya, rabi a raba daidai tsakanin jihohi, rabi bisa yawan jama'a. Da kuɗin man fetur ya ƙaru, Kano mai ɗimbin mutane ta sami kaso mai tsoka.

To, dukiya a hannun mai mulki jarrabawa ce. Audu Baƙo ya duba ya ga ƙasarsa mutane sun yi yawa, gonaki sun ƙuntata, damina ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar, sa'an nan ruwan kogi ya gangare gabas ya bar manomi zaune. Sai ya tara injiniyoyi na gida da na waje, aka yi awon ƙasa da na ruwa. Aka fara da madatsar Bagauda, aka gwada noman rani a Kadawa. Da gwaji ya yi kyau, aka tare Kogin Kano a Tiga, aka gama cikin 1974, daidai lokacin da fari ya gallabi Arewa, dabbobi suka hallaka.

Hikimar aikin ita ce, Tiga tana bisa tudu, gonakin kuwa suna gangare. Saboda haka ruwa yakan bi babbar hanyar da aka haƙa masa da ƙafarsa, ba da inji ba, ya rarrabu cikin ƙananan magudanai har bakin gona. Tafkin yana ɗaukar ruwa kusan mita murabba'i mai zurfi miliyan dubu 2, aka kuma tsara kashin farko na aikin ya shayar da kadada 22,000. Daga nan Kura ta shahara da shinkafa, Kwanar Gafan ta zama kasuwar tumatir wadda motoci ke lodi zuwa Kudu.

Amma fa kowane allazi da nasa amanu. An ta da ƙauyuka daga inda tafki ya kwanta. Ambaliyar da takan cika fadamun Haɗejia da Nguru ta ragu, masunta da makiyaya suka ji a jikinsu, kachala kuma ta toshe hanyoyin ruwa. Wannan ya nuna kogi ya fi ƙarfin jiha guda. Cikin 1976 Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Kogin Haɗejia da Jama'are, aikin ya koma hannunta.

Shi kuwa Audu Baƙo ya sauka cikin Yuli 1975 da Murtala Muhammed ya karɓi mulki. Ya koma noma, ya rasu cikin 1980. Allah ya jiƙansa. Sakatariyar Kano da gidan namun daji da kwalejin aikin gona ta Dambatta duk suna ɗauke da sunansa.

Tsarin mulkin 1979 ya ɗora wa gwamnati nauyin bunƙasa kimiyya da fasaha a sashe na 18, na 1999 ma ya maimaita. Audu Baƙo ya sauke wannan nauyi tun ba a rubuta shi ba. Saboda haka, jama'a, in an zo muku da zancen gyaran tsarin mulki, ku tambaya: wane iko zai matso kusa da mu, nawa ne kuɗinsa, kuma hannun wa zai shiga? Alƙalami yana buɗe ƙofa, amma ba ya haƙa magudana.