Firedirik Duglas da bankin da ya ci gumin ƴantattun bayi

Yau mun ɗauko muku tarihin Firedirik Duglas, baƙar fatar Amurka da ya fi kowa suna a zamaninsa. Duniya ta san shi da yaƙi da bauta. Mu kuwa za mu fi tsayawa kan wasu watanni na shekarar 1874, lokacin da aka jingina wani ruɓaɓɓen banki da sunansa.

An haife shi bawa a jihar Marilan wajen shekarar 1818. Yana yaro aka kai shi aikatau birnin Baltimo, inda uwargidan ta fara koya masa baƙaƙe, har maigidan ya hana. Bai daddara ba, ya ci gaba da koyo a ɓoye wajen yaran unguwa. A 1838 ya sa kayan ma'aikacin jirgin ruwa ya gudu zuwa Niyok. A 1845 ya buga littafin rayuwarsa, sannan ya tafi Ingila don kada a kamo shi. Can ne abokai suka tara kuɗi suka fanshe shi. Da ya komo gida ya kafa jarida a 1847, ya riƙa zagaya garuruwa yana jawabi, har aka soke bauta a 1865.

A wannan shekarar, ranar 3 ga Maris, shugaba Abraham Linkon ya sa hannu kan dokar kafa bankin ajiya na ƴantattu, wanda ake kira Freedman's Bank. Sojoji baƙaƙe, da manoma, da masu wankau, da ƴan dako suka riƙa kai ɗan abin da suka samu. Wasu wannan ne karo na farko da suka riƙe ladan guminsu. Bankin ya buɗe rassa 37. Tunda majalisar ƙasa ce ta ba shi izini, mutane suka ɗauka gwamnati ce ke tsaye wa kuɗinsu. Ashe ba haka ba ne. Kuɗin na baƙaƙe ne, amma masu juya su a sama Turawa ne.

Da farko doka ta ce a zuba ajiyar cikin takardun bashin gwamnati, inda babu kasada. A 1870 aka canja dokar, aka ba bankin damar ba da rance kan filaye da gidaje. Nan ɓarna ta shigo. Henri Kuk, wanda ke riƙe da kwamitin kuɗi, da abokansa suka riƙa ba na kusa da su bashi kan jingina marar ƙarfi, har da kamfanin yayansa Jay Kuk. A watan Satumba na 1873 kamfanin nan ya karye, tsoro ya cika ƙasa. Masu ajiya suka yi ca a ƙofofin rassa, kowa na neman nasa. To, banki ba ya tare kuɗin mutane wuri guda, ranta su yake yi. In kowa ya zo rana ɗaya, ko mai lafiya sai ya jigata, balle wanda bashinsa ba ya komowa.

A watan Maris na 1874 masu kula da bankin suka naɗa Duglas shugaba, don jama'a su ga nasu a kan kujera hankalinsu ya kwanta. Shi ba ma'aikacin banki ba ne. Ya karɓa saboda yana ganin bankin hanya ce ta ɗaga mutanensa, ga kuma katafaren gininsa a Washinton, daura da baitulmalin ƙasa. Har ya zuba dalar Amurka 10,000 daga aljihunsa. Da ya duba littattafai da kyau, sai ya tarar rumbun ba kome sai ƙaiƙayi. Bai rufe ba. Ya shaida wa majalisa cewa bankin ba ya iya biyan mutane, kuma ci gaba da karɓar ajiya zalunci ne. Ƙarshen watan Yuni aka rufe shi.

Mutum sama da 61,000 ne abin ya rutsa da su, da kuɗi kusan dalar Amurka miliyan 3. An ɗauki shekaru ana biya kaɗan-kaɗan, bai wuce kashi 62 cikin 100 ba. Da yawa ko wannan ba su samu ba, don sai ka aika littafin ajiyarka, alhali wasu sun ɓatar da shi, wasu sun yi ƙaura, wasu sun rasu. Baƙaƙen Amurka sun daɗe ba su sake yarda da banki ba.

Duglas ya ci gaba da aiki, har ya zama jakadan Amurka a Haiti daga 1889 zuwa 1891. Ya rasu ranar 20 ga Fabrairu 1895 a Washinton. A 2016 gwamnati ta raɗa wa ginin da ke tsaye a filin tsohon bankin sunan Freedman's Bank.

Abin da muka tsinta a nan shi ne, kafin mu miƙa guminmu ga banki ko asusu, mu tambaya: wa ke juya kuɗin, wa ke duba littattafan, wa zai biya in an karye? Mutumin kirki irin Duglas ma bai iya cike ramin da wasu suka haƙa ba.