Lord Kelvin: Masanin Da Ya Gano Iyakar Sanyi

Duk ɗalibin da ya karanta kimiyya a makarantar sakandare ya ci karo da harafin K a littafinsa, amma ƙalilan ne suka san tarihin mutumin da aka ɗauko harafin daga sunansa. Sunansa na yanka William Thomson, an kuwa haife shi a birnin Belfast ta ƙasar Ailan ran 26 ga Yuni, 1824. Mahaifinsa malamin lissafi ne, shi ne kuma ya fara koyar da shi a gida. Yana ɗan shekara 10 ya shiga Jami'ar Glasgow, daga nan ya wuce Cambridge a 1841. A 1846, yana da shekara 22 kacal, aka naɗa shi shehun malami a Glasgow, bai bar wannan kujera ba sai bayan shekara 53.

A zamaninsa ma'aunan zafi sun dogara ne da yadda ruwan zaiba ko barasa ko iska ke kumbura idan sun ji zafi. To, kowanne daga cikinsu da irin kumburinsa, saboda haka awon wani masani kan saɓa da na ɗan'uwansa. A 1848 Thomson ya buga wata ƙasida inda ya nuna cewa ana iya kafa ma'aunin da bai dogara da halin kowane abu ba, ya gina hujjarsa bisa binciken Bafaranshe Sadi Carnot game da injin zafi. Ma'aunin nan yana farawa ne daga iyakar sanyi, wato inda ba sauran zafin da za a iya cirewa daga jikin abu. Wannan wuri ya yi daidai da digiri 273.15 ƙasa da sifili a ma'aunin Selsiyas.

Ga misali. Idan bazara ta tsananta a Yelwa ta ƙasar Yawuri, zafi ya kai digiri 40, to a ma'auninsa ya kama kelvin 313. Ruwa kuwa yana daskarewa a wajen kelvin 273, ya tafasa a wajen 373. Da yake babu lamba ƙasa da sifili a cikinsa, shi ne masana da injiniyoyi ke amfani da shi wajen lissafin ayyukan injuna.

Ayyukan Thomson sun wuce ɗakin karatu. Shi da abokinsa James Joule sun gano a 1852 cewa iskar gas kan yi sanyi idan ta kuɓuce daga matsi ta ƙaramar kafa, wannan kuwa yana cikin tushen aikin na'urorin sanyaya abubuwa. Har ila yau ya sa hannu wajen shimfiɗa wayar tangaraho a ƙarƙashin Tekun Atlantika. Ta 1858 ta lalace cikin 'yan makonni, amma bai karaya ba, har aka ci nasara a 1866, Sarauniya Victoria ta ba shi sarautar Sir. A 1892 aka ɗaga shi zuwa Majalisar Dattawan Ingila, ya ɗauki laƙabin Kelvin, sunan wani rafi da ke bi ta kusa da jami'arsa.

Duk da haka ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. A 1862 ya yi lissafin cewa shekarun duniya suna tsakanin miliyan 20 da miliyan 400, ya kuma daɗe yana jayayya da masana duwatsu a kai. Binciken da ya biyo baya ya tabbatar da cewa duniya ta kai kimanin shekara biliyan 4.5.

Ya rasu ran 17 ga Disamba, 1907, aka binne shi a majami'ar Westminster ta Landan, kusa da kabarin Isaac Newton. A 1967 babban taron ƙasashe kan awo ya tsai da sunan kelvin da harafin K, a 2019 kuma aka sake fayyace ma'anarsa bisa ƙa'idar lissafi ta Boltzmann. Kuskurensa game da shekarun duniya ya zama tarihi, amma ma'auninsa na nan cikin manyan ma'aunai bakwai da duniya ta yarda da su.