Thomas Cook: Kafintan da ya mayar da shirya tafiya sana'a

A ranar 5 ga watan Yulin 1841, wani jirgin ƙasa ya tashi daga birnin Leicester na Ingila ɗauke da mutum kusan 500 zuwa garin Loughborough, tafiyar mil 11. Kowane fasinja ya biya sule guda, kuɗin zuwa da dawowa. Wanda ya shirya tafiyar wani kafinta ne mai shekara 32, mai suna Thomas Cook. Ba neman riba ya kai shi ba, amma daga wannan rana masana tarihi ke fara lissafin sana'ar shirya tafiye-tafiye ta zamani.

An haifi Cook a ranar 22 ga Nuwamban 1808 a ƙauyen Melbourne da ke yankin Derbyshire, a gidan talakawa. Mahaifinsa ya rasu tun yana ƙarami, kuma yana shekara 10 ya bar makaranta ya kama aikin lambu. Da ya kai shekara 14 sai aka kai shi koyon kafinta wajen wani ɗan'uwansu, inda ya yi shekara biyar. Daga baya ya zama mai wa'azi a ɗariƙar Baptist, yana bin ƙauyuka a ƙafa yana raba littattafai. A 1833 ya auri Marianne Mason, suka zauna a garin Market Harborough.

A wancan zamani shan barasa ya yi wa leburorin Ingila katutu, albashin mako kan ƙare a mashaya iyali na kwana da yunwa. Cook ya shiga ƙungiyar masu yaƙi da shan giya. Wata rana yana tafe a ƙasa zuwa taron ƙungiyar a Leicester, sai tunani ya zo masa cewa jirgin ƙasa, wanda a lokacin sabon abu ne, zai iya kwasar jama'a da yawa zuwa irin wannan taro. Ya je ya sami kamfanin jirgin Midland Counties, suka daidaita a kan farashi mai sauƙi, shi kuma ya ɗauki nauyin cika kujeru.

Shekara uku ya yi yana shirya wa ƙungiyoyi da yaran makarantun coci irin waɗannan tafiye-tafiye, yana dogaro da ɗab'i da sayar da littattafai don ciyar da gidansa. A nan ya fahimci sirrin sana'ar. Kamfanin jirgi na da kujeru babu mutane, talaka na son tafiya amma yana tsoron tsada da ɓacewa a garin da bai sani ba. Wanda ya tsaya a tsakani, ya yi sarin kujeru ya sayar ɗaiɗai, ya kuma ɗauke wa matafiyi fargaba, shi ne zai ci la'ada.

A 1845 ya shirya tafiyarsa ta farko ta kasuwanci, zuwa Liverpool. Kafin ya sayar da tikiti sai da ya bi hanyar da kansa, ya duba masaukai da wuraren cin abinci, sannan ya buga ɗan littafi mai bayanin duk abin da matafiyi zai tarar. Wannan ɗabi'a ta fara taka hanya kafin a kai abokan ciniki ita ce ta zama jarinsa na gaskiya.

Sai dai shekarar da ta biyo baya ta zo masa da ɗaci. Ya kwashi mutum kusan 350 zuwa Sikotlan, amma fasinjoji suka sha wahala, saboda rashin abinci da wurin kewayawa a jirgin ƙasa, da ƙarancin ɗakunan kwana a jirgin ruwa. Ƙorafi ya yi yawa, kuma a wannan tsakani bashi ya danne shi har aka ayyana shi a matsayin wanda ya karye. Cook bai sauya sana'a ba. Ya gyara kurakuransa ya sake komawa Sikotlan, wadda ta zama babbar kasuwarsa shekaru da dama.

Babbar damarsa ta zo a 1851, lokacin gagarumin baje kolin duniya a Landan. Ya bi garuruwan masana'antu yana ƙarfafa wa ma'aikata gwiwa su riƙa tara kuɗin tafiya kaɗan-kaɗan, tamkar adashe, ya kuma fara buga wata jarida mai suna The Excursionist don tallata hajarsa. Ya kai mutum aƙalla 150,000 wajen baje kolin. A 1855 ya tsallaka teku da rukuninsa na farko, ta Beljiyam da Jamus zuwa Faris. Bai ci riba ba, amma ya koyi hanya.

A 1862 kamfanonin jiragen ƙasa na Sikotlan suka daina ba shi tikiti mai rahusa, suka ce za su yi harkar da kansu. Dillalin da ya dogara da ubangida ɗaya, ranar da aka rufe masa ƙofa ya shiga uku. Cook sai ya juya ga ƙasashen Turai, ya buɗe hanyar Suwizalan a 1863, ta Italiya a 1864, sannan a 1865 ya kama ofis a titin Fleet da ke Landan. Abokan cinikinsa suka koma malaman makaranta da 'yan kasuwa da ma'aikatan ofis, da mata masu son tafiya cikin aminci. Masu hannu da shuni sun yi ta yi wa fasinjojinsa ba'a a jaridu, domin suna ganin yawon buɗe ido nasu ne su kaɗai.

Dabaru biyu suka ƙara ɗaukaka kamfanin. A 1868 aka fito da takardar otal, wadda matafiyi ke saya tun daga gida, ya miƙa ta a masaukin da ke da yarjejeniya da Cook a ba shi ɗaki da abinci ba tare da ciniki ba. A 1874 kuma aka fito da wata takardar kuɗi da ake canzawa a otal-otal da bankuna na ƙasashen waje, wadda ta share fage ga cekin matafiya. Tsakanin waɗannan shekaru, a 1869, Cook ya kai ayarinsa na farko Masar da Falasɗinu, ya yi hayar jiragen ruwa a Kogin Nilu. A 1872 ya jagoranci zagayen duniya da ya ɗauki kwana 222, yana da shekara sama da 60.

A wannan shekara ce ɗansa John Mason Cook ya zama cikakken abokin tarayya, sunan kamfani ya koma Thomas Cook & Son. Haɗin bai zo da zaman lafiya ba. Uban na kallon tafiya a matsayin hanyar wayar da kan talaka, yana cakuɗa harkar kamfani da ayyukan addini da taimako. Ɗan kuwa mutum ne mai tsananin lissafi, wanda bai yarda aljihun kamfani ya zama aljihun sadaka ba. Saɓani ya yi tsami har aka raba gari a ƙarshen 1878, Thomas ya koma Leicester, ragama ta koma hannun John.

A hannun ɗan ne kamfanin ya zama gagara-badau. A 1884 gwamnatin Birtaniya ta ba shi kwangilar jigilar sojoji da kayansu a kan Nilu, a yunƙurin ceto Janar Gordon daga Khartum. A 1886 gwamnatin mulkin mallaka ta Indiya ta damƙa masa jigilar maniyyata aikin Hajji daga Bombay zuwa Jidda, saboda koke-koken cunkoso a jirage da zaluncin dillalai. Aikin ya tsaya a 1893, domin bai kawo ribar da aka zata ba, kuma akasarin alhazai sun ci gaba da bin dillalan da suka saba da su.

Ƙarshen rayuwar Thomas ya zo da jarrabawa. 'Yarsa Annie, wadda ta daɗe tana taya shi aiki, ta rasu a 1880 sakamakon hatsari a banɗakin gidansu. Matarsa ta bi ta a 1884, sannan idanunsa suka mutu. Ya rasu a ranar 18 ga Yulin 1892 yana da shekara 83. Gadon da ya bari bai kai fam 3,000 ba, abin da bai taka kara ya karya ba in aka kwatanta da dukiyar da ɗansa ya bari shekara bakwai bayan haka.

Sunan ya ci gaba da yawo a duniya, kamfanin yana sauya hannu daga wannan zuwa wancan. A ranar 23 ga Satumban 2019, bayan shekara 178, ya durƙushe saboda tarin bashi da gogayyar masu sayar da tikiti ta intanet. Gwamnatin Birtaniya ce ta yi hayar jirage ta kwaso 'yan ƙasarta kusan 150,000 da suka maƙale a ƙasashen waje. Sana'ar da Cook ya gina a kan alƙawarin kai mutum da dawo da shi gida lafiya, a ranar da kamfaninsa ya kasa cika wannan alƙawari ne labarinsa ya zo ƙarshe.