Malam Abdullahi na Gwandu, Allah Ya Jiƙansa

Shi dai Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ƙanen Shehu Usmanu ne, an haife shi wajen shekarar 1766. A hannun wan nasa ya yi yawancin karatunsa, ya kuma ɗauki ilmi wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru. Da jihadi ya tashi a 1804, shi ya ja rundunar jama'a a Tafkin Kwatto, inda aka karya Yunfa Sarkin Gobir.

To, amma nasara ita ce ta zo masa da baƙin ciki. Tun ba a gama yaƙi ba ya ga waɗansu daga cikin jama'a sun karkata ga neman sarauta da tara dawaki da ƙwaraƙwarai da tufafin ado, abubuwan da aka zargi sarakunan Haɓe da su. Bai rufa musu asiri don suna nasa ba. Ya faɗa da baki, ya rubuta, kamar yadda yake cikin littafinsa Tazyinul Waraƙati. Da ya ga ba a ji, sai a 1807 ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka da Madina.

A Kano tafiyar ta tsaya, zamanin Sarki Sulaimanu. Mutanen gari, waɗanda mulki ya sāke a kansu ba da daɗewa ba, suka tare shi, suka roƙe shi ya rubuta musu yadda ake gudanar da hukunci. Abin lura ke nan: roƙon daga jama'a ya fito. Saboda haka ya wallafa Liya'ul Hukkami, ya bayyana sharuɗɗan shugaba, da wajibcin shawara, da dukiyar da ta halatta hukuma ta karɓa da wadda ta haramta, da hakkin wanda aka zalunta ya kai kuka. Ya kuma karantar da su tafsiri, sa'an nan ya koma gida.

A 1812 Shehu ya danƙa masa yammacin ƙasar. Bayan rasuwar Shehu a 1817 aka naɗa Muhammadu Bello, zukata suka ɗan yi nisa, har sai bayan yaƙin Kalambaina Malam Abdullahi ya yi wa ɗan wansa mubaya'a. Ya ƙare kwanakinsa a Gwandu yana karantarwa da rubutu, ya rasu wajen 1829. Kabarinsa yana can.