Latunde Odeku: Likitan da ya kafa tiyatar ƙwaƙwalwa a Najeriya

A shekarar 1962, lokacin da Najeriya ke da shekara biyu kacal da samun 'yancin kai, wani matashin likita ya bar koyarwa a Jami'ar Howard da ke birnin Washington na Amurka, ya dawo gida domin ya fara aikin da babu wani ɗan ƙasa da ya ƙware a kansa kafin shi. Sunansa Emanuel Latunde Odeku, kuma aikin shi ne tiyatar ƙwaƙwalwa da laka.

An haife shi a Legas a shekarar 1927. Mahaifinsa mutumin garin Awe ne a ƙasar Oyo. Ya yi sakandare a makarantar 'yan maza ta Methodist da ke Legas, daga nan ya wuce Jami'ar Howard, inda ya sami digiri a ilimin dabbobi a 1950 da sakamako mafi daraja, sannan digirin likitanci a 1954. Ya taɓa aiki na ɗan lokaci a Babban Asibitin Legas, sa'an nan ya koma Amurka ya koyi tiyatar ƙwaƙwalwa a Jami'ar Michigan ƙarƙashin Farfesa Edgar Kahn. A 1961 hukumar da ke tantance likitocin wannan fanni a Amurka ta ba shi shaidar ƙwarewa.

Ba za a gane nauyin abin da ya ɗauka ba sai an san abin da wuƙarsa ke taɓawa. Ƙwaƙwalwar baligi ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, amma tana ɗauke da ƙwayoyin saƙo kimanin biliyan 86. Daga ƙasanta laka ke sauka ta cikin ƙashin baya. Jijiyoyi tagwaye 12 ne ke fita kai tsaye daga ƙwaƙwalwa, suna kula da gani da ji da sansana da motsin fuska, wasu tagwaye 31 kuma suna fita daga laka zuwa sauran jiki. Wasu jijiyoyin kan kai labarin zafi ko taɓawa sama, wasu kuma su sauko da umarni zuwa tsoka. Akwai kuma sashen da ke tafiyar da bugun zuciya da narkar da abinci ba tare da mutum ya yi niyya ba. Ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke juya hannu da ƙafar dama, shi ya sa rauni a gefe ɗaya na kai ke shanye ɗaya ɓarin jikin. Babbar matsalar ita ce, fata da ƙashi suna warkewa, amma ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da na laka in sun mutu da wuya su sake tsirowa. Kuskuren da bai kai faɗin ƙwayar gero ba yana iya raba mutum da magana har ƙarshen rayuwarsa.

Da wannan ilimi Odeku ya isa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan, wanda aka buɗe a 1957. Ya zo da kayan tiyatar da ya saya da kuɗin aljihunsa, ya kafa sashen tiyatar ƙwaƙwalwa na farko a ƙasar. Ya zama farfesa a 1965, daga baya kuma ya shugabanci sashen tiyata da tsangayar koyar da likitanci ta jami'ar.

Yara na daga cikin waɗanda suka fi cin moriyar zuwansa. Ƙwaƙwalwa da laka suna zaune ne cikin wani ruwa garai-garai da ke kare su daga gigicewa. Jiki na samar da kusan rabin lita na wannan ruwa kowace rana, yana kuma shanye shi. In hanyarsa ta toshe a jikin jariri, sai ruwan ya taru, kai ya yi ta girma, ƙwaƙwalwa ta matse. Odeku ya yi horo a asibitin yara na Philadelphia wajen Eugene Spitz, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka ƙirƙiro bututu mai murfi da ke janye ruwan daga kai. Tare da abokin aikinsa Adelola Adeloye kuma, a 1971 sun yi bayanin wani ƙullutu da ake haihuwar wasu jarirai da shi a kan maɗiga, wanda har yau littattafan likitanci ke kira da sunayensu biyu. A zamanin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, sun yi jinyar sojojin da harsashi ya sama a kai, suka kuma rubuta abin da suka gano.

Baya ga tiyata, marubucin waƙoƙi ne da Turanci, ya wallafa kundi biyu. Ciwon suga ne ya ci ƙarfinsa. Ya rasu a asibitin Hammersmith da ke Landan a watan Agusta na 1974, yana da shekara 47, aka binne shi a Ingila. Adeloye ya gaje shi a Ibadan, ya kuma rubuta tarihinsa.

A shekarar da Odeku ya dawo ne aka kafa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas a Idi-Araba, unguwar da Hausawa suka daɗe da zama. A yau ɗan acaɓa daga Agege da ya faɗi ya bugu a kai, ko dattijuwar da ɓarin jikinta ya shanye, irin waɗannan asibitoci na Gwamnatin Tarayya suke dogara da su, kuma jinin da ya taru cikin ƙoƙon kai ba ya jiran a nemo likita daga wata jiha. Likitocin wannan fanni har yanzu ba su wadaci ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 ba, ga shi da yawa daga cikin waɗanda aka horar suna ficewa zuwa Ingila da Amurka da Saudiyya. Horar da mutum ɗaya kan ɗauki shekaru da dama bayan digirin likitanci. Takardun da ke yanke hukunci kan albashinsu, da kuɗin horonsu, da kayan aikin ɗakin tiyatarsu, a kan teburan ma'aikatun Abuja suke bi.