Ajayi Crowther: Bawan Da Ya Zama Bishof

'Yan'uwa mazauna Sabo, Baibul ɗin Yarabancin nan da maƙwabtanmu Kirista ke ɗauka zuwa coci ran Lahadi, Ajayi ne ya jagoranci fassara shi.

Mutumin Osogun ne a ƙasar Yarabawa. A 1821 mahara suka kama shi yana yaro, aka yi ta cinikinsa har ya faɗa jirgin bayi na Turawan Fotugal. Sojan ruwan Ingila suka tare jirgin a 1822, suka sauke shi Saliyo. Can ya shiga Kiristanci, aka sa masa suna Samuel Crowther, ya yi karatu a kwalejin Fourah Bay. Sai bayan shekara ashirin da wani abu ya sake ganin mahaifiyarsa a Abekuta. A 1864 ya zama baƙar fata na farko da cocin Angilika ta naɗa bishof.

Ga abin lura. Cikin maharan da suka kama shi har da Musulmi, amma duk da haka ya riƙa zuwa Bida gaishe da Etsu Masaba, yana muhawara da malamai ba zagi ba cin fuska. Ya rasu a Legas a 1891.

Mu da ke zaune garin mutane, wannan hali abin koyi ne.